Irin Dawar Yaya

Yayata ba ta da takardar haihuwa. Hoto ma guda ɗaya ta bari, wanda aka ɗauke ta a asibiti da auduga manne a idon hagu, tana harara da na dama. Da ta rasu mutanen ƙauye sun zo gaisuwa, kowa ya ce mutuniyar kirki ce, aka yi addu'a aka watse. Kwana uku bayan haka aka yi ruwan farko, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Ba na ganin laifin kowa, haka rayuwar ƙaramin ƙauye take. Amma ni da aka koya wa rubutu na ga bai kamata ta wuce haka nan shiru ba, musamman da yake abin da ta yi shekara hamsin tana tsarewa, a hannuna ya lalace.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'ya bakwai na mahaifiyarmu, ita ta fari, ni auta. Bisa lissafina shekara goma sha ɗaya ce tsakaninmu. Ƙauyenmu gida ashirin da uku ne da rijiya ɗaya, ba kasuwa, hanyar mota ma sai daga baya. Da 'yan mishan suka buɗe makaranta mil tara daga wurinmu suka nemi yara, mahaifinmu ya dube ni ya ce, "Wannan dai in ya riƙe fartanya sai ka ji tausayin fartanyar. A kai shi." Yaya ce ta raka ni, akwatina a kanta, ina tafe ina kuka tana tafe tana yi mini ba'a. A ƙofar makarantar ta sauke akwatin, ta gyara mini wuyan riga, ta juya. Shekarata takwas. Daga ranar na zama mai zuwa gida hutu.

A can na koyi karatu da lissafi da ɗan aikin kafinta, da wani darasi da na fi ƙauna, darasin tsabta. Malaminmu yakan zana huhun mutum guda biyu a allo, ɗaya ya bar shi fari, ɗaya ya cike shi da ɗige-ɗige, ya ce wannan na mai zama cikin hayaƙi ne. Zanen nan bai taɓa barin kaina ba. Shi ya kai ni aikin duba-gari, inda na yi shekara talatin da huɗu ina leƙa randunan mutane da magudanan ruwansu ina rubuta rahoto. Tun da na kama aikin Yaya ta daina kirana Auta. Da ta hango kekena sai ta ɗaga murya: "Jama'a, ku rufe tukwanenku, ga Duba-gari nan!"

Ita kuwa gida huɗu ne tsakanin inda aka haife ta da inda ta yi aure. Mijinta mutum ne marar yawan magana, ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa namiji da mata biyu, ta ci gaba da noman gonar da kanta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, in kuna hanya ɗaya sai ka haɗa da ɗan gudu. Ba a san ta da dukiya ba, ba a san ta da rigima ba. Da irin dawa aka san ta.

Akwai wata gajerar dawa da ta gada wurin mahaifiyarmu, ita ma ta gada wurin tata uwar. Mai-sammako ake kiranta, domin takan nuna tun sauran dawa ba ta gama fitar da kai ba. Tsayinta bai kai kafaɗa ba, ƙwayarta ja ce ƙanana, kuma ba ta cika rumbu. Darajarta ɗaya ce: tana isowa daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba. Saboda haka ba a ajiye ta, ana girbewa ake cinyewa. Abin da kawai ke tsira daga tukunya shi ne kawunan da Yaya ta ware don iri.

Kwanaki kaɗan kafin girbi takan shiga gona da sassafe da tsummoki a ƙugu, ta yayyaga su siri-siri. Tana bin kunya ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya, ta tanƙwaro kan dawa, ta murza, wani lokaci ta sa ƙwaya ɗaya a baki. Wanda ta yarda da shi sai ta ɗaura masa ƙyalle. Na taɓa ganin ta wuce wani ƙaton kai ta je ta ɗaure wani ɗan tsurut a gefen da ƙasa ba ta da ƙarfi. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Wancan taki ne ya yi shi. Wannan shi ya yi kansa." Ban ƙara tambaya ba, don a lokacin gani nake na fi ƙarfin irin wannan ilimi.

Kawunan da ta zaɓa takan ɗaure su goma-goma ta rataye a ɗakin girkinta. Ɗakin laka ne mai rufin ciyawa, faɗinsa ƙafa goma sha biyu, na auna. Ba taga. Ƙofar sai ka sunkuya. Murhu a tsakiya, tukwane jere a bango, sama kuma irin nan ne reto daga sandunan rufi, kunkunniya ta lulluɓe shi ya yi baƙi ƙirin. Hayaƙin murhu shi ne mai gadinsa. Ƙwarin da ke cin hatsi tun daga gona suke biyo shi, ƙwayayensu maƙale a cikin kai, hayaƙi da zafin wuta na kullum ne ke hana su tashi. Kowa a ƙauyen ya san haka, sanin da ya kai ba wanda ke ɓata bakinsa ya faɗa. Ni kaɗai ne ban sani ba. Na bar gida ina ɗan shekara takwas, abin da na sani game da hayaƙi a allo na koye shi.

Da bazara ta yi, mata kan zo da ƙananan ƙore, Yaya ta murza musu abin shukawa. Ba ta taɓa hana kowa ba. A wata shekara ruwa ya ɗauke tun dawa na da ciki, manyan gonaki suka bushe a tsaye. Mai-sammako kaɗai ta riga ta yi ƙwaya. Na zo gida a lokacin, na ga gida ashirin da uku suna cin jar dawar nan wata biyu cur kafin taimako ya iso, kuma ba a binne yaro ko ɗaya ba saboda yunwa. Ƙauyukan da ke kewaye da mu ba su yi wannan sa'a ba. Yaya ba ta taɓa ba da wannan labari don yabon kai ba. In wani ya tayar da shi sai ta ce, "Ai uwarmu za ku gode wa."

Lokacin da na yi ritaya duniya ta riga ta sauya. Yawancin mutane sun koma masara da sabon iri na ofishin gona, har da ɗanta. Abin da ya rage wa Mai-sammako shi ne wani ɗan fili a bayan gida. Har yanzu wasu kan karɓi ɗan tafi guda su shuka a gefen gona, amma ba mai ajiye nasa irin. Don me, tun da na Yaya yana nan?

A shekarar ce ciwon yanar ido ya rufe mata idanu. Ta ɗaure irin wannan kaka da laluben hannu. Bayan girbi na je na ɗauko ta zuwa birni. Da safen da za mu tafi ta tsaya a ƙofar ɗakin girki ta kira matar ɗanta, wadda kowa ke kira Doguwa.

"Doguwa, ɗakin nan kada ya yi kwana biyu ba wuta. Ko ba ki dafa komai ba, ki hura."

"To, Inna."

Na ce, "Yaya, hayaƙin nan ne fa ya ja mana tafiyar da za mu yi."

"Kai dai ɗauki jakata, Duba-gari. Ba a kawo ƙara wurinka ba."

Likita ya ce ido ɗaya za a fara yi, a jira mako shida, a yi ɗayan, sannan ta huta. Ya ƙara da cewa ta nisanci hayaƙi, domin ƙirjinta ma bai yi masa daɗin sauraro ba. Na ji kamar malamina na makaranta ne ya dawo yana magana. Na bar ta a gidana wurin matata, na koma ƙauye ban gaya mata abin da zan yi ba. So nake idan ta buɗe ido, abu na farko da za ta gani a gidanta ya zama alheri daga ƙanenta. Ita ta ɗauki akwatina a kai mil tara, ni kuwa ban taɓa yi mata wani abin a zo a gani ba.

Ɗanta ya tafi cin rani, Doguwa kaɗai na tarar da yara. Na kira Magini, wanda tare muka yi wasan ƙasa da shi, na shimfiɗa masa zanen da na yi da rula: ɗakin girki na bulo, rufin kwano, taga biyu, murhu mai bututun da zai fitar da hayaƙi waje, a gefe kuma ɗan sito mai daɓen siminti. Ya daɗe yana duban takardar, a juye ma ya riƙe ta. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin tsohon ɗakin.

"Malam, irin fa?"

"Ga sito nan. Ko tururuwa ba za ta sami hanya ba."

"Ka dai yi magana da Yaya?"

"Yaya tana kwance da ido ɗaya. In na tambaye ta cewa za ta yi a bari. Kai ba ka san ta ba?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "To, kai ne ka yi karatu."

Doguwa tana tsaye tana jinmu. Ta buɗe baki ta ce, "Kawu, Inna ta ce..." Na ce na ji abin da Inna ta ce, ina wurin aka faɗa. Ta juya ta koma aikinta. Ba za ta yi jayayya da kawun mijinta ba, kuma ita ma, Allah ya sani, ta gaji da hawayen hayaƙi.

Da hannuna na sauke irin. Ɗauri arba'in da biyu ne. Na sa burushi na kakkaɓe kunkunniyar tas har jan ƙwayar ya fito, na ji daɗin ganinsa. Na jera shi a sababbin buhuna uku masu leda a ciki, na ɗinke baki, na rubuta kwanan wata a jikin kowanne. Da aka gama sito na ɗora su kan katako, na rufe ƙofa, na ba Doguwa mabuɗi na ce kada a buɗe don kada iska ta shiga. Rushe tsohon ɗakin bai ɗauki rabin yini ba.

Wata huɗu Yaya ta yi a gidana. Da aka cire audugar ido na biyu ta dubi matata ta ce, "Ashe haka kika tsufa, ba wanda ya gaya mini?" Muka koma ƙauye ana saura kamar mako uku ruwa ya sauka. Mota ta tsaya a ƙofar gida, na riga ta shiga don in ga fuskarta. Ta tsaya a tsakar gida. Kwano yana ƙyalli, bango fari fes. Ta dubi inda tsohon ɗakin yake a da, wurin ya zama fili an shanya wanki.

"Ina irina?"

Ba ta ce komai game da ginin ba. Na karɓi mabuɗi na buɗe sito, zafi ya buso mu kamar tanda. Na warware bakin buhu na farko. Kafin in sa hannu na ji motsin, wani ɗan sauti kamar ana zuba yashi a hankali. Ƙwari ne, dubbai, suna hawa jikin ledar. Na ɗago ɗauri guda, ya zube gari a hannuna.

Yaya ta ce a kawo mata ruwa a babban kwano. Ta zauna a ƙasa, ta murje abin da ya rage daga buhunan uku ta zuba ciki. Ƙwaya mai rai nutsewa take yi. Muka tsaya muna kallo, ni da Doguwa da Magini da ya shigo yi mata sannu da zuwa. Duka suka taso sama. Ta sa hannu ta laluba ƙasan kwanon har sau biyu, ta fito da hannu ba komai.

Na so ta zage ni. Ta iya zagi, na sani. Amma sai ta goge hannu a zane ta ce, "Ɗakin ya yi kyau. Ka sha wahala." Sannan ta ɗago ta dube ni. "Auta, da ka tambaye ni."

Washegari ta ɗaura gyale muka fara bin gidaje. Duk inda muka shiga magana ɗaya ce. "Wayyo, Yaya, ai mu da ke muka dogara." Wata ta ce ta ajiye kaɗan bara, jikokinta suka gasa suka cinye. Wani ya ce yana da shi, ya shiga ya fito da farar dawa ta ofis, Yaya ta dube shi kawai ya koma da abarsa. Muka gama gida ashirin da uku, muka shiga ƙauyukan kewaye, ni da ita a bayan babur na haya, wani wurin kuma a ƙafa. Na lura mutane suna gaishe ni da ladabi fiye da da. Labari ya riga mu isa.

A rana ta tara muka je wata 'yar unguwa mai gida biyar a bayan dutse, wurin ƙawarta ta ƙuruciya, Mai-tukwane. Mun same ta zaune a inuwa tana lailaya yumɓu, ta tsufa har ta rage kamar yarinya.

"Wa nake gani? Ke ce, gajeriya? An ce an sake miki idanu."

"An sake. Ga shi ina ganin muninki da kyau."

"Wannan kuma wane ne a bayanki kamar wanda aka kama da akuyar mutane?"

"Ƙanena ne, mai ilimin."

"Oho, mai rusau! Zauna, Malam, amma can nesa da ɗakina."

Suka yi dariya har da tari. Ni ma na yi abin da ya yi kama da dariya. Da Yaya ta faɗi abin da ya kawo mu, Mai-tukwane ta daina murza yumɓun. Ta ce ta bar noma tun rasuwar mijinta, amma akwai wani ɗauri da ta rataye ta manta da shi, in ɓera bai riga mu ba. Ta nuna mini ƙofar ɗakin girkinta ta ce, "Kai ne dogo. Shiga ka sunkuya, hayaƙi ba ya cizo."

Na shiga. Ido na ruwa, na laluba sandunan rufi, hannuna ya taɓa wani abu mai kauri da kunkunniya. Kai biyar ne a ɗaure da wani ƙyalle da ya rine. Yaya ta karɓa ta juya shi, ta gane ɗaurin hannunta. Suka yi ta lissafi da haihuwar jikoki har suka tsaya kan shekara takwas.

"Ya tsufa," in ji Mai-tukwane.

"Mu ma mun tsufa," in ji Yaya, "ga shi muna motsi."

Ba ƙwaro ko ɗaya a jikinsa, amma iri mai shekara takwas ba a sa masa rai. Ta shuka shi duka a filin bayan gida, ƙwaya biyar-biyar a rami. Na zauna a ƙauyen ina zuwa duba wurin safe da yamma. Tsiro bakwai ya fito. Ta kewaye su da ƙaya, ta riƙa yi musu ciyawa da yatsu. Da suka fitar da kai sai wata matsala ta taso: su kaɗai ne hatsin da ya nuna a duk yankin, tsuntsaye suka taru a kansu. Yaya ta ɗinka wa kowane kai 'yar jaka da tsohon gidan sauro, ta ɗauki kujera ta zauna a gefensu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, gwangwani da tsakuwa a hannu. Mako biyu ta yi haka, mace mai shekara saba'in da wani abu. Kai uku suka tsira.

Ta kai su gidan Magini aka rataye a hayaƙi, domin matarsa ba ta bar tsohon ɗakin girkinta ba. Na ce zan sa a gina mata wani ɗan ɗaki na laka. Ta ce, "Bar shi haka. Ka yi gini ya isa."

Damina ta gaba kai ukun nan suka cika filin bayan gida. Na zo na gani, jar dawa gajera tana kaɗawa, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na fito da littafi da alƙalami na ce ta gaya mini yadda take zaɓe, in rubuta saboda na baya. Ta yi dariya.

"Me zan ce ka rubuta? Ka rubuta 'mai kyau'? Ranar da zan ɗaura ƙyalle ka zo ka bi ni. Abin a ido yake da hannu. Doguwa ba ta da lokaci, yara sun tafi birni. Kai ne ba ka da aikin yi."

Na yi mata alkawari. Ta aiko mini cewa ranar Laraba za ta shiga gona. A makon ne kuma ake taron tsofaffin ɗaliban makarantarmu, ni ne sakatare, takardun duk suna hannuna. Na ce a raina kwana huɗu ba wani abu ba ne. Na manta cewa dawa ba ta san da taro ba. Da na iso ranar Lahadi ƙyallaye sun riga sun hau, an fara yanka.

"Ka makara, Duba-gari," ta ce. "Sai baɗi, in da rai."

Tarin da take fama da shi ya tsananta da rani. Matata ta roƙe ta ta dawo birni, ta ƙi, ta ce ba ta son a yi mata wani gyaran a bayan idonta. Ta rasu a ɗakin kwananta, taga a buɗe, da hantsi, Doguwa na riƙe da hannunta. Ina kan hanya.

Irin ya rage mana, ɗauri goma sha ɗaya. Doguwa ta shuka shi a wannan shekara, kuma da kaka ta yi na je da tsummokina na shiga gona. Na tsaya a tsakiyar kunya ban san inda zan fara ba. Duk kawunan kama suke yi mini. Na zaɓi manya, domin su ne ido ke gani. Shekara ta biyu ma haka. Gonar maƙwabci tana jikin katanga da doguwar dawarsa, iska kuwa ba ta san iyaka ba. Yaya takan gane wanda ya gauraya ta tsallake shi, ni ban iya ba. A shekara ta uku dawar ta kai ni tsawo. A ta huɗu jan ya koɗe. Ina rubuta ranar shuka da ranar girbi a littafina, ina ganin ratar tana ƙaruwa, ban san abin da zan yi ba. Na koma wurin Mai-tukwane in roƙe ta ta zo ta duba mini, na tarar an yi wata biyar da binne ta.

Bara Mai-sammako ta nuna mako ɗaya da dawar kowa.

Watan jiya Doguwa ta zo birni ganin likitan haƙori, ta biyo ta gidana. Ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta yi ta juya kofin a hannu. Na gane akwai magana.

"Kawu, dama kan filin bayan gida ne."

"Ina jin ki."

"Baban yara ya ce ko bana a sa masara a wurin. Ya ce dawar nan... ya ce ba ta da bambanci da sauran yanzu. Ni na ce sai an tambaye ka tukuna."

"Ke me kika gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Kawu, ni na dafa ta Inna, na dafa wannan. Ba ita ba ce."

Na nemi hujja ɗaya da zan ba ta, ta gaskiya, wadda ba don in ji sanyi a raina ba ce kawai, ban samu ba. Suna da yara shida, filin kuma yana da kyau.

Na ce, "Ku sa masarar."

Ta ce to. Ta tambaya ko a kawo mini ragowar ɗaurin da ke gidan Magini ko a ba kaji. Na ce a ba kaji, sannan na raka ta bakin titi ta sami mota.